Baƙin Baba a Gidan Hayar Fegge

Asabar ce ta ƙarshen wata, tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar na firamare. Ranar tsaftar gari ce a Anacha, babu mota babu okada a kan titi sai hantsi ya yi, kuma duk 'yan hayar gidanmu na unguwar Fegge sun fito da tsintsiya da shebur ana yashe kwata. Ni bokiti aka ba ni, ina kwasar baƙin taɓon da manya suke tsamowa ina kaiwa bakin titi. A wata dawowar na tarar da mai gidan, Mama Obiora, tsaye a ƙofar ɗakinmu, zani ɗaure a ƙirji, tana kallon ƙasa. Takalma ne zube a wurin, na roba da na fata da wani sau-ciki da ya sha tafiya, ita kuwa ta san ƙafar kowa a gidanta, ta san babu namu a ciki. Ta ɗago kai ta ce, "Ticha, ajiye bokitin nan ka kira min babanka." Ticha take kirana saboda ba ta cika ganina babu littafi a hannu ba.

Da Turancin Buroka suke gaisawa da Baba kullum, amma in magana ta yi nauyi yaren Ibo take komawa. Shi ya sa ake nemana, don ni a garin na buɗe ido, na tsinci yaren a bakin rijiya da filin makaranta. Baba ya zo da wandonsa a naɗe, hannu duk taɓo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ɗaki da falo ta ba shi haya, shi da matarsa da 'ya'yansa, ba tashar mota ta ba shi ba. Ta ce daga ranar, duk daren da wani baƙo ya sake kwana a gidan, to Baba ya fara neman wani wurin. Na juya na faɗa masa da Hausa kalma bayan kalma, ban rage ba ban sassauta ba, don a lokacin ban san tafinta yana iya sassautawa ba. Baba ya dubi takalman, ya dube ta, ya ce, "Ce mata na ji." Ya koma ya ɗauki shebur ɗinsa.

Gidan dogon lungu ne a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna hagu da dama, har ka ɓulla wata 'yar tsakar gida ta siminti a baya. Can rijiya take, da banɗaki, da rumfar girki inda kowace mace take da kabad ɗinta da kwaɗonta. Mu kaɗai ne Hausawa a ciki. Akwai wani tela da iyalinsa, akwai mai sayar da kayan gyaran mota, akwai wata malamar asibiti da take fita da farin kaya tun gari bai gama wayewa ba. Inna ba ta fitowa girki sai maza sun watse kasuwa, sannan ƙamshin daddawarta ya haɗu da na manja da busasshen kifin maƙwabta. Tana shanya kuka da kuɓewa a kan kwanon rumfar, ta sa ni da ƙanwata Safiya gadin sama, don a garin nan hadari ba ya sallama, kana ganin rana yanzu sai ka ji ruwa a ka. Kowane ɗaki da ranar shararsa da ranar wanke banɗaki, namu kuma ni nake yi. Ina bin lungun nan da tsintsiya har ƙarƙashin bencin Mama Obiora, ita kuma ta ɗaga ƙafa ba tare da ta daina ɓare agushinta ba.

Baba wake da busasshen barkono yake sayarwa a wata rumfa kusa da gadar kogi. Shi ne mutumin farko daga ƙauyenmu na wajen Gaya da ya kama ɗaki ya ajiye iyali a Anacha, saboda haka sunansa ya zama guzurin duk wanda zai yo kudu. A can gida haka ake sallamar matafiyi: in ka sauka ka tambayi Fegge, in ka je Fegge ka tambayi gidan Idi mai wake. Suna zuwa a bayan tirelar shanu ko a kan buhunan albasa, wasu samari ne masu neman aikin gadi ko okada, wasu wucewa za su yi Fatakwal dare ya riske su. Babu wanda yake aiko da saƙo kafin ya zo. Sallama kawai za ka ji a bakin lungu, Inna ta ƙara ruwa a tukunyar tuwo. Na taɓa jin ta yi ƙorafi sau ɗaya, a hankali, Baba ya ce mata, "Mutum ya taso tun daga gida da sunana a bakinsa, in ce masa me?"

Falon shi ne makwancina, kuma shi ne ɗakin karatuna. In babu baƙi ina da tabarma guda da kusurwar taga, in akwai su sai in naɗe in shiga ƙarƙashin tebur da littafina. Daga nan nake jin hirarsu ta damina da gero da wanda ya rasu da wanda ya yi aure, har na haddace sunayen gonaki da fadamun da ban taɓa takawa ba. Sai da na girma na fahimci yadda abin yake a idon sauran gidan. Da asuba baƙin Baba sun zagaye rijiya suna alwala, malamar asibiti tana tsaye da bokiti a ƙofar banɗaki tana duba agogo, matar tela ta fito da zani ɗaya ta ci karo da baƙuwar fuska a lungu. Ga shi a shekarar da ta wuce Mama Obiora ta hana ƙanen tela zama, telan kuma bai manta ba. Ta taɓa ce min ina shara, "Mu ma muna da baƙi, Ticha. Amma gidan baƙo yana ƙauye, nan wurin nema ne." Shi kuwa Baba, duk inda tabarmarsa ta kwana sau biyu ya zama gida.

Barin gidan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Samun ɗaki a Fegge ga Bahaushe mai iyali aiki ne, masu gida da yawa suna jin daga ina kake sai su ce an riga an kama. Kafin a samu wannan, iyayena sun yi zaman bayan rumfa, da buhuna a matsayin bango, Inna kuma ba ta son ko tuna lokacin. Makarantarmu tana kusa, ba ma tsallaka babban titi. Baba ya riga ya faɗa cewa in aka rasa wuri, mu da Inna gida za a mayar da mu sai ya samu wani. Ni da ban iya riƙe fartanya ba, kuma nake gab da jarrabawar shiga sakandare, wannan maganar ta hana ni sakewa.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Duk wanda ya yi sallama, Baba ya tarbe shi, a ci abinci tare a falo, in an yi sallar isha'i ya raka shi masallacin kasuwa inda samari suke kwana. Samari ba sa damuwa, can ma sun fi samun 'yan hira. Falo ya zama nawa ni kaɗai. Da yamma yaran gida suna buga ƙwallon leda a lungu, Safiya da 'ya'yan tela suna tafa hannu suna tsalle a kan zanen alli, ni ina taga ina kallonsu ta saman littafi, in ƙwallo ta shigo in miƙa musu. Mama Obiora ta koma amsa gaisuwar Baba da fara'a, har ta aiko wa Inna da sabuwar doya.

Sai ga Baffa Haladu. Wan Baba ne uba ɗaya, shi ya riƙe shi bayan rasuwar kakanmu, shi ya yi masa aure. Bai taɓa yo kudu ba. Yanar ido ce ta rufe masa gani, wani direba ya ba shi labarin asibitin da ake cirewa a Anacha, ya biyo shi. Na dawo daga makaranta na same shi zaune a kan tabarmata, dogo, siriri, farin gemu har ƙirji, sanda a gefe, Baba kuma durƙushe a gabansa yana ta jero gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya damina, ya aka ji da hanya. Likita ya ce aikin da jinyar za su ɗauki kwanaki.

Na ji Inna a ɗakin ciki tana ce wa Baba ya je ya roƙi matar nan, ai ita ma tana da tsofaffi. Baba ya ce ya riga ya ce mata ya ji, ba zai koma ya ce bai ji ba. Ta ce to ya gaya wa Yaya gaskiya. A wurin Baba, ya dubi mutumin da ya raine shi ya ce masa wata ta hana ka kwana a ɗakina, wannan ba magana ce da bakinsa zai iya furtawa ba. Kai shi masallaci a bar shi cikin samari kuwa, da ido a rufe, ya fi korar muni.

Bayan la'asar ya fito falo ya ce, "Yaya, ɗakin nan zafi gare shi, ni kaina ba na iya barci a ciki. A rumfa nake kwana, can iskar kogi take. Mu je can." Baffa ya juyo da fuskarsa wajen muryar, ya ce, "To, Idi. Duk inda ka kwana nan zan kwana." Baba ya naɗe katifarsa da gidan sauro, ya tare okada biyu. Mutumin da ban taɓa ganin ya kwana a waje ba, daga ranar ya koma kwanan rumfa. Ya jera katakai a kan buhunan wake ya shimfiɗa wa Baffa katifa, shi kuma ya kwanta a kan kwali a bakin ƙofa. Kullum da yamma ya zo gida ya yi wanka, ya sauya riga, ya koma.

Ni nake kai musu tuwo kafin magariba. Ina ɗora kwanukan a kwando in bi ta gaban masu walda, in wuce cocin da ake koyon waƙa da ganga, in gangara layin rumfuna har inda ƙasa take fara santsi. A damina kogin cika yake ya yi ja kamar kunun kanwa, faɗinsa har ɗaya gaɓar ta zama zare. Bayan an yi wa Baffa aiki aka naɗe masa ido da bandeji, sai ya sa a fito masa da benci ya fuskanci ruwan, ya ce, "Nura, zauna. Gaya min me ke wucewa." Ni da malamai suke fama da ni in ɗaga murya a aji, sai ga ni ina zuba. Na gaya masa ga kwalekwale shaƙe da doya har ruwa yana lasar bakinsa, mace ce take tuƙawa da goyo a baya. Ga masu yashi suna nutsewa da bokiti su ɓullo su juye a jirgi. Ga ciyawa tsibiri guda tana tafiya da farin tsuntsu a kanta. Ga motoci sun cushe a kan gada ba sa motsi. In na yi gaggawa ya tsayar da ni, ya ce wane launi ne zanin matar, tsuntsun balbela ce ko wani ne. Yana saurare yana kaɗe sauro daga ƙafarsa, Baba kuma yana gefe yana tari, don sanyin siminti ya fara kama shi.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Mama Obiora ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta shigo har ɗakin Inna da kwalliyarta da ƙaton ɗaurin kanta, ta zauna a bakin gado, ta sa na rufe ƙofa. Ta ce in tambayi Inna ina mijinta yake kwana. Na tambaya. Inna, wadda ko sunan Baba ba ta kamawa, ta sunkuyar da kai don kunya, ita kuwa Mama Obiora ta ɗauka baƙin ciki ne. Ta dafa mata gwiwa ta ce tana lura, kullum ya yi wanka ya sa riga mai kyau ya fice sai da safe, ta ga irin wannan a wurin nata mijin kafin ya mutu. Ta ce Inna ta faɗa mata unguwar da matar take kawai, ita za ta je, ba a yi wa 'yar hayarta haka tana raye. Na fassara duka. Inna ta ja mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suka fara rawa, ta yi dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce, "Gaya mata wadda yake zuwa wurinta farin gemu gare ta har ƙirji."

Sai da na warware mata zancen daga farko. Ta daina murmushi. Ta tambaya tsoho ne, na ce e. Ta tambaya da gaske an yanka masa ido, na ce e. Ta ce a bakin kogi, cikin damina, cikin sauron nan? Ta ce me ya hana Baba zuwa ya tambaye ta. Inna ta ce ya ce ya riga ya ce miki ya ji. Mama Obiora ta tafa hannu ta dubi rufi, ta ce, "Kan babanka dutse ne, Ticha. Wannan kada ka fassara." Amma na riga na fassara.

Da Baba ya zo wanka da yamma ta tare shi a lungu, ta kira tela da malamar asibiti da sauran su zama shaida. Ta ce dokarta tana nan, samari su ci gaba da kwana a kasuwa, ƙashinsu da ƙwari. Amma daga yau duk baƙon da yake da furfura, na kowane ɗaki ne, ya kwana, da sharaɗin ita za ta gani da idonta. Tela ya ce ƙanensa ma ya fara furfura a gefen kunne. Ta ce ya kawo shi ta ƙirga. Aka yi dariya, Baba bai yi ba. Ya tsaya da bokitinsa a hannu kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka bai shirya ba, sannan ya ce, "Ce mata na gode." Ya fasa wankan ya fita neman okada.

Kafin magariba ya dawo da Baffa. Bai yi masa bayanin komai ba, ya dai ce ruwa zai sauko yau, gara a kwana a gida, kuma ya kamata ya gaisa da mai gidan. Tana zaune a bencinta. Ta dubi gemun, ta gyaɗa kai ta ce wannan furfurar ta cika sharaɗi, ni kuma na fassara, sannan ta miƙe tsaye, abin da ban taɓa ganin ta yi wa ɗan haya ba. Baffa ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo irin ta dattawa, ya tambayi iyalinta da lafiyarta da kasuwarta, ya yi mata godiyar riƙon ƙanensa da ta yi, ina tsakiya ina juyawa. Da ya gama ya nemo kafaɗar Baba da hannu ya dafa, ya ce, "Idi, da ka ce min gemu ake nunawa a gidan nan, ai da tun ranar da na sauka na nuna." Baba ya dubi ƙasa. Baffa ya ce yaran kasuwa sun ba shi labarin dokar hana baƙi kwana tun kwanan farko, ya ga ƙanensa yana ta wahalar ɓoyewa, ya ce bari ya bar shi da abinsa. Mama Obiora ta matsa min in gaya mata me tsohon ya ce. Da na gaya mata ta koma ta zauna tana dariya tana share ido da bakin zani.

Baffa ya ƙarasa jinyarsa a falonmu, ni na koma ƙarƙashin tebur. Ranar da aka kwance bandejin ya ce kafin a kai shi tasha a bi da shi bakin kogi. Ya daɗe yana kallo, ya ce ruwan bai kai yadda na faɗa ja ba, amma sauran duk haka suke. Mun ci gaba da zama a gidan har na gama sakandare, dokar furfura kuma ta bi tirela ta isa ƙauyenmu. Dattawa suna sauka su zarce bencin Mama Obiora su tuɓe hula tun kafin su yi mana sallama. Wani saurayi ya taɓa shafa toka a gemu, ta aika Safiya ta kawo ruwa a kofi.

Yanzu ina karatu a Inugu, ina hayar ɗaki ɗaya a unguwar Asata. Mama Obiora ta rasu, 'ya'yanta sun rushe gidan sun yi shaguna, su Baba sun koma wata unguwar. Mutanen ƙauyenmu har yau suna yo kudu, amma kowa da wayarsa da wanda zai tarbe shi, ba a ƙara ba matafiyi sunan mutum ya riƙe a baki har ya iso. Ɗakina yana da tebur da taga da ƙofar da nake kullewa, mai gidan ban taɓa ganinsa ba, wakilinsa kawai na sani, kuma babu ruwansa da wanda ya kwana. Wani lokaci da yamma ina karatu sai in ji motsi a bakin ƙofa, in ɗaga kai ina jiran sallama, ashe maƙwabci ne yake neman makullinsa. Shirun da na yi ta nema ina yaro na same shi, ya kuma yi min yawa.